Ɗumamen Bature Ya Sauka Abuja

Duk wanda ya taɓa kwana a Nyanya ko Mararaba ya san cewa gari yakan waye wa mutanen can tun kafin ya waye wa sauran jama'a. Da an sallame sallar Asuba sai hanyar Keffi ta cika maƙil da motoci, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da leburori da masu gadi kowa yana neman ya shiga cikin birnin Abuja kafin cunkoso ya rufe hanya. Haka abin yake a Kubwa da Zuba da Lugbe, har da Suleja. Magidancin da zai bar gida da ƙarfe biyar da rabi ba shi da lokacin jiran a dama koko ko a soya ƙosai, balle a tuƙa sabon tuwo. Ko dai ya fita da yunwa, ko ya tsaya wurin mai shayi ya kashe kuɗin da bai yi niyya ba, ko kuwa uwargida ta duba abin da ya kwana a tukunya.

Wannan hanya ta uku ita ce Bahaushe ya gada kaka da kakanni, watau ɗumame. Sai dai zaman birni ya kawo irin abincin da tsohon ɗumame bai san da shi ba, har ya zamana abin da ya kamata ya zama karin kumallo yana ƙarewa a kwandon shara. To, akwai wata dabara da Turawa suka daɗe suna yi da ragowar abincinsu, wadda ta dace da mazaunin Abuja, ta kuma dace da ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal.

Yadda Aka Saba A Gida

A ƙasar Hausa, uwargida ba ta tuƙa tuwon dare daidai cikin mutanen gida. Takan ƙara hannu domin baƙo, da almajiri, da kuma safiya. Da gari ya waye sai ta yayyanka malmalar da ta kwana, ta sa a tukunya da ɗan ruwa, ta ɗumama miyar kuka ko ta kuɓewa, a zuba man shanu da yaji. Akwai dattawa da yawa da suka fi son wannan a kan sabon tuwo, domin a cewarsu miyar da ta kwana ita ce daddawa ta gama ratsawa.

Ko ƙanzon gindin tukunya ba a zubar da shi. Akan kankare shi a shanya, ranar da ake bukata a jiƙa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa. Abin da ya saura bayan wannan na almajiri ne, abin da ya fi ƙarfin almajiri kuma na kaji da awaki ne. Da wuya a ga hatsi ya kai juji.

Amma mutumin da ya kama hayar ɗaki ɗaya a Agege ko Idi-Araba, ko a Sabon Badun ko Sabon Shagamu, ko a bayan garin Abuja, ba shi da akuya ba shi da kaza. Cimarsa ma ta sauya. Yau dafaffiyar doya, gobe shinkafa, jibi dankalin Turawa ko taliya. Ita kuwa doya idan ta kwana sai ta bushe ta yi tauri, yara su ƙi ta, in aka mai da ita ruwa kuma ta dame. Nan ne ake yin asara, asarar da a yau ba kowa ne zai iya ɗauka ba.

Tun daga ran 29 ga watan Mayu na 1999 da aka koma mulkin farar hula, talakan ƙasar nan bai cika ganin tsadar abinci irin wadda ta biyo bayan janye tallafin man fetur a ran 29 ga Mayu na 2023 ba. A tsakiyar shekarar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da sanarwar cewa tsadar kayan abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a kan ta shekarar da ta gabace ta. A wannan shekarar ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa a 1 ga Janairu zuwa ƙarshen Disamba na 2022 duniya ta zubar da abinci fiye da tan miliyan dubu, kuma kashi 60 cikin ɗari na wannan ɓarna daga gidajen jama'a ta fito. Saboda haka maganar ragowar doya ba ƙaramar magana ba ce.

Shi Ma Bature Yana Da Nasa

Mutane da yawa suna zaton ɗumame abin talaka ne, wanda ya waye kuwa sai sabon girki. Alhali kuwa ɗaya daga cikin abincin safe da aka fi so a Amurka ba kome ba ne illa ɗumame. Suna kiransa hash, kalmar da suka aro daga Faransanci, ma'anarta a daddatsa. Akan samo ragowar dankalin da aka dafa jiya, da ragowar naman sa mai gishiri, da albasa, a daddatsa su ƙanana, a soya su tare a kasko har gindin ya yi ƙanzo, sa'an nan a aza soyayyen ƙwai a kai.

Shi wannan nama, wanda masu kanti a nan suke kira konbif, asalinsa dabarar ajiya ce ta zamanin da babu firji. Bahaushe ya ga yana da rana mai zafi, sai ya yanyana nama ya shanya ya yi kilishi, ko ya yi dambu. Bature kuwa ba shi da irin wannan rana, sai ya jibge naman da manyan ƙwayoyin gishiri a cikin ganga. Daga sunan waɗannan ƙwayoyi ne naman ya samo sunansa, ba daga masara ba kamar yadda wasu masu jin Turanci suke zato. Tun wajen shekara 300 da suka wuce, birnin Kok na ƙasar Ailan ya yi suna wajen cika jiragen ruwa da wannan nama.

Mutanen Ailan da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun mai da shi abincin bikinsu na ran 17 ga watan Maris na kowace shekara, inda ake dafa shi da kabeji da dankali. Kashegari kuwa, abin da ya rage shi ne ake daddatsawa a soya a karya kumallo da shi. Sa'ad da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi suke kira Yaƙin Hitila, gwamnatocin Ingila da Amurka suka ƙayyade yawan naman da kowane gida zai saya. Sai matan gida suka ga cewa da ɗan nama kaɗan da dankali mai yawa ana iya cika cikin iyali duka. Daga nan wannan abinci ya zauna daram.

Yadda Gwangwanin Ya Iso

Naman da aka sani a nan shi ne na cikin gwangwani mai faɗi a gindi da tsukewa a sama, mai ɗan mabuɗi a gefe. Wasu 'yan kasuwar birnin Shikago ne suka fito da wannan siffa a wajen 1875, domin naman ya zame ya fito a dunƙule. Garin Fray Bentos na ƙasar Yurugwai, a Kudancin Amurka, shi ne ya fi kowane gari suna wajen yinsa, kuma daga can aka ciyar da sojojin Ingila a yaƙin 1914 zuwa 1918 da na 1939 zuwa 1945. Sojojin Nijeriya da suka je yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 sun san shi a cikin guzurin soja, kamar yadda masu sayayya a kantunan Turawa suka san shi a gida.

Ita ma Arewa, da yake nan ne shanu suke, ba a bar ta a baya ba. An yi kamfanin sa nama a gwangwani a Kano tun a shekarun 1950, an kuma kafa wani kamfanin nama a Bauchi a zamanin Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello. Amma a yau akasarin naman gwangwanin da ake gani a kantuna daga ƙasashen waje yake zuwa, musamman Barazil. Wannan ne ya sa kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo tun da darajar Naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, har ya zamana ba kowane gida ne yake iya sayensa kullum ba.

Abin Da Ya Sa Ya Dace Da Abuja

Abuja gari ne na baƙi. A ran 3 ga Fabrairu na 1976 ne Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar kafa sabon Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Tsohuwar Abuja ta bar wa sabon birni sunanta, ita ta koma Suleja. Sa'an nan a ran 12 ga Disamba na 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta taso daga Ikko ta tare. Ma'aikatan da suka biyo ta, cikinsu har da 'yan Arewa da suka yi shekara da shekaru a Obalende da Surulere, sun zo da cimar da suka saba da ita a kudu.

Sun kuma tarar da ƙasar doya. Gwarawa, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, manoman doya ne na asali, kuma doyar Kwali da Abaji da Gwagwalada da Bwari ita ce take cika kasuwannin yankin. Dankalin Turawa yana gangarowa daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi a Jihar Filato, tafiyar 'yan sa'o'i kaɗan. Albasa tana zuwa daga Aliero da ƙasar Sakkwato. Shanu kuwa ga su nan a kasuwar Dei-Dei. Watau duk abin da wannan girki yake bukata ana samunsa a kasuwar Wuse ko Garki ko Utako ko Karu.

A manyan otal-otal na Maitama da Asokoro, masu hali sukan biya kuɗi mai yawa ranar Lahadi su ci abincin hantsi irin na Turawa, wanda yake haɗa karin kumallo da abincin rana. Abin da ake kai musu a faranti da cokali mai yatsu bai fi ƙarfin matar lebura a Nyanya ba, in dai tana da kasko da risho.

Ga Yadda Ake Yi

Domin gida mai mutum biyar, ana bukatar dafaffiyar doya ko dankalin da ya kwana kimanin kilo ɗaya, da gwangwanin nama ɗaya mai nauyin giram 340, ko ƙaraminsa in hali bai kai ba, da albasa manya guda 2, da attarugu 2 ko 3, da tattasai 1, da man gyaɗa cokali 3, da ƙwai gwargwadon iko.

Da farko a yayyanka doyar ƙanana, kamar girman kan ɗan yatsa. Doyar da ta kwana ta fi sabuwa kyau a nan, domin ta tsane ta kama jikinta, ba za ta dame a kasko ba. Abin da ya zama aibinta a faranti shi ne amfaninta a wajen suya.

A aza kasko mai faɗi, mai kauri in akwai, a zuba mai ya yi zafi. A soya albasa da attarugu da tattasai har albasar ta yi laushi. Sa'an nan a zuba doyar a baje ta, a bar ta ta yi ja kafin a juya. Kuskuren da aka fi yi shi ne yawan juyi, wanda yake mai da abin fate.

Naman shi ne yake shiga daga ƙarshe, domin dafaffe ne tun daga kamfani. A marmasa shi a barbaɗa, a gauraya sau ɗaya, a danne da bayan cokali, a rage wuta, a bar shi kamar minti biyar har gindin ya yi ƙanzo. A juya, a sake dannewa. Wannan ƙanzo shi ne daɗin abin, kuma Bahaushe ba ya bukatar a gaya masa darajar ƙanzo.

Kada a sa gishiri ko dunƙule sai an ɗanɗana, domin naman da gishirinsa ya zo. Wanda yake son ƙwai sai ya yi 'yan ramuka a cikin kaskon, ya fasa ƙwai a kowane rami, ya rufe har ya nuna sosai. Duk aikin bai wuce minti 20 ba. In an yayyanka kome tun da dare, to ko minti 15 ya isa. Ana ci da yaji, ko a cusa a burodi a naɗe wa maigida ya tafi da shi wurin aiki, ko a zuba wa yara a kwanon makaranta.

In Babu Gwangwani

Gwangwani ba dole ba ne. Asalin girkin na ragowar nama ne, ko wane iri. Balangun da maigida ya shigo da shi da dare aka ci aka rage, ko tsire, ko 'yan yankan naman da suka saura a miya, duk ana daddatsa su a sa. Bayan Babbar Sallah, sa'ad da soyayyen naman layya ya fara gundurar yara, wannan hanya ce ta sabunta shi. Dambun nama ma yana shiga, haka kifin gwangwani. In babu doya, dankalin Hausa ko dafaffen rogo ko makani duk suna yi. Masu iya magana sun ce da babu gara ba daɗi, amma wannan kam akwai daɗin.

Hattara Da Abin Da Ya Kwana

Sai dai fa akwai sharaɗi, domin araha ba ta da amfani in za ta kai mutum asibiti. Tsofaffi sun san wannan, shi ya sa uwargida takan tafasa miya kafin ta kwanta, ta rufe, ta hana kowa sa cokali a ciki sai da safe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a ajiye cikin zafin ɗaki. A sa shi a firji da zarar ya huce, in an tashi ɗumamawa kuma a bari zafi ya ratsa shi ciki da waje yana tururi.

To, ga shi wutar lantarki ba ta da tabbas, ga zafin Abuja a watan Maris da Afrilu, ga kuma gumin Ikko. In an ɗauke wuta dare guda, firjin ya zama akwati kawai. Gidan da ba shi da sanyin ajiya, gara a rage yawan abin da ake dafawa da dare, a kuma raba doyar da miya tun kafin a ci, domin wadda hannu da miya suka taɓa ta fi saurin lalacewa. Duk abin da ya yi yauƙi ko tsami ko ya sauya wari, a zubar, kada a yi ta wasiwasi. Abin da aka ɗumama sau ɗaya kuma kada a sake ajiye shi.

Shinkafa ta fi kowane abinci haɗari a nan. Akwai wata ƙwayar cuta da dafuwa ba ta kashe irinta. In shinkafar ta daɗe a ajiye cikin ɗumi, sai ƙwayar ta farfaɗo ta zuba dafi, shi kuwa dafin ko an sake soyawa ba ya mutuwa. Amai da gudawar da akan ɗora wa maiko ko sanyi, sau da yawa daga nan suke.

Shi ma gwangwanin a duba shi tun a kanti. Wanda ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotsa a bakin haɗinsa, a bar wa mai shi kayansa ko da ya karya kuɗi, domin gubar da takan ɓoye a irinsa tana kisa. A duba ranar ƙarewar wa'adinsa da lambar hukumar NAFDAC. Da yake daga ƙasashen waje ake kawo shi, Musulmi sai ya nemi tambarin halal a jikinsa. In an buɗe ba a cinye ba, a juye sauran a kwano mai murfi a sa a sanyi. A kuma yi hankali da bakin gwangwanin, yana yanka kamar aska.

Har ila yau, naman gwangwani ba abincin kullum ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, shi kuwa wannan nama gishiri ne ginshiƙinsa. A 2015 kuma sashen hukumar mai binciken ciwon daji ya sa naman da aka sarrafa irin wannan cikin abubuwan da yawan cinsu yake jawo ciwon dajin hanji. Mai hawan jini ya fi kowa bukatar kiyayewa. Gwangwani ɗaya a raba wa gida duka jefi-jefi, shi ne daidai, sauran ranaku kuwa a yi da naman mahauta.

Ɗan Arewa da ya bar gida domin neman halaliya, kowace Naira da ya hana ta shiga kwandon shara ita ce wadda zai aika wa iyaye, ko ya biya kuɗin makarantar yara, ko ya tara ta kuɗin motar zuwa gida da Sallah. Iyayensa a Kano da Katsina da Zariya ba su taɓa jin kunyar ɗumame ba, kuma ga shi an ga cewa shi ma Bature bai ji kunyar nasa ba. Saura uwargida ta gwada da doyar da za ta rage yau da dare. Allah Ya sa albarka a abin da aka samu, amin.